Man tsirrai zai iya kare katakon waje daga rana da ruwa?

Tambaya: Na sa kafinta ya yi mini benci, da ƙofar shinge, da ginshiƙan rumfa, duk na katako, kuma a waje za su zauna. Ba na son shafa musu sinadarai masu guba saboda yara suna wasa a wurin. An ce mini man darbejiya ko man linsid ya wadatar. Gaskiya ne? Wane mai ko ruwan tsiro ne zai hana katakon yin toka-toka da tsagewa da ruɓewa, kuma yaya ake shafa shi?

Amsa: Ɗan'uwa, amsar ta rabu biyu. Benci da ƙofa, waɗanda ba a binne suke ba, kayan tsirrai za su iya riƙe su shekaru masu yawa, muddin ka yarda cewa shafawar ba ta sau ɗaya ba ce. Ginshiƙan kuwa, in dai binne su za a yi, babu man tsiron da za a shafa da buroshi ya cece su, ko sau goma aka maimaita. Gwamma ka ji wannan tun kafin a haƙa ramin. Shi kuma man darbejiya yana da nasa amfanin, amma ba shi ne maganin rana da ruwa ba. Zan zo kansa.

Abin da ke sa mutane asara a wannan harka shi ne ɗaukar lalacewar katako kamar cuta ɗaya ce mai magani ɗaya. Abin da ke mayar da shi toka-toka daban, abin da ke tsaga shi daban, abin da ke ruɓar da shi daban, ƙwari kuma nasu aikin daban. Kowane mai da za a ambata maka yana iya yaƙi da ɗaya ko biyu daga cikinsu ne kawai.

Fara da rana. Jikin katako galibinsa zare ne na selulos, sai wani sinadari mai suna liginin da ke manne zaren wuri ɗaya, wanda ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na busasshen itace. Hasken ultrabayolet da ke cikin rana, wanda ido ba ya gani, yana farfasa liginin ɗin a fuskar katako. Ruwan sama ya zo ya wanke abin da ya farfashe, sai a bar zare tsirara, mai gashi-gashi, wata fumfuna mai duhu kuma ta zauna a kansa. Wannan shi ne launin tokar da kake gudu. Abin ba daɗin gani ga wanda ke son katakonsa ya riƙa sheƙi, amma ɓarnar a sama take, ba ta shiga ciki. Ƙiyasin da masu binciken katako suka daɗe suna bayarwa shi ne itace mai taushi yana zaizayewa da kimanin milimita 6 ne cikin shekara 100. Katakon da ya yi toka bai mutu ba.

Ruwa shi ne babban abokin gaba. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ba daidai yake yi ta kowane gefe ba: motsinsa ta bin zoben shekarun itacen, wato layukan da ake gani a zagaye in an yanke kututture, ya kusan ninka motsinsa ta ratsa zoben, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Idan rana ta fito bayan ruwa, fuskar katakon tana riga cikinsa bushewa, sai ta ja, ta tsage. Tsagar ta zama mazaunin ruwa, ruwan kuma ya buɗe wa fumfunar ruɓewa ƙofa. Ita wannan fumfunar, wadda ke cin naman katakon kansa, tana buƙatar laima ta daɗe a sama da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, tana kuma buƙatar iska. Katakon da laimarsa ba ta wuce kashi 20 ba ba ya ruɓewa, ko da ba a taɓa shafa masa komai ba. Wanda ya nutse gaba ɗaya a laka inda babu iska shi ma yana daɗewa, shi ya sa turakun da aka kafa birnin Benis na Italiya a kansu suka yi ɗaruruwan shekaru. Matsala tana tsakiya, inda ruwa da iska suka haɗu.

To, me mai yake yi a nan? Yana cika ƙofofin da ke fuskar katako, ruwa ya riƙa gangarewa maimakon ya shige, kumbura da tsukewa su ragu, tsagewa ta ragu. Iyakarsa ke nan. Ba guba ba ne ga fumfuna, ba ya tare hasken rana in dai garau yake, kuma ba ya shiga ciki sosai: a gefen katako da wuya ya wuce milimita ɗaya ko biyu.

Kuma ba kowane mai ba ne yake yin ko da wannan aikin. Man tsirrai iri biyu ne a wajen kafinta, mai bushewa da mara bushewa. Mai bushewa ba ƙafewa yake yi ba, iskar oksijin yake kamawa, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna har ya koma abu mai tauri a cikin katakon. Masana suna auna wannan hali da ma'aunin da suke kira lambar aidin: man linsid yana tsakanin 170 da 200, man zaitun wajen 80, man kwakwa wajen 10. Duk man da lambarsa ke ƙasa haka zai zauna a jiƙe har abada, ya kama ƙura, ya yi wari, fumfuna ta samu abinci. Saboda haka man girki, kowane iri ne, ka bar shi a inda yake.

Man linsid shi ne tsohon hannu. Ana tatsar shi daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa, fiye da rabinsa kuma wani nau'in kitse ne mai saurin kama oksijin. Ɗanyensa yana shiga katako da kyau domin yana jinkirin bushewa, kwanaki, wani lokaci makonni idan akwai sanyi ko laima. Wanda ake sayarwa da sunan dafaffe yana bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yawancinsa ba dafa shi aka yi ba, sinadaran ƙarfe irin su kobal da manganis aka zuba masa don ya yi sauri. A da har dalma ake sakawa. Tunda damuwarka yara ce, duba jikin gwangwanin. Akwai wanda zafi kaɗai aka ba shi ba tare da an ƙara komai ba, shi ne ya fi dacewa da kai.

Sai dai a nan gizo ke saƙar: linsid shi kaɗai a waje yana baƙi. Fumfunar sama tana son sa, musamman a gefen da ba ya samun rana ko a wurin da laima ta yi yawa, kuma in an lafta shi da kauri. Mutum zai shafa don gudun launin toka, bayan 'yan watanni ya tarar da ɗigo-ɗigon baƙi ko'ina, an gudu ba a tsira ba. Wanda aka tace aka cire masa dattin 'ya'yan ya fi sauƙin wannan matsala, masu haɗa fentin linsid kuma sun daɗe suna zuba masa farin garin zinki domin fumfuna ba ta son sa. A wuri busasshe linsid yana yin abin kirki. A wuri mai yawan ruwa ba zan ba ka shawarar ka dogara da shi shi kaɗai ba.

In zaɓi ɗaya za a ba ni don bencinka, man tung zan ɗauka. Daga ƙwallon wata bishiya ta ƙasar Sin ake samun sa, inda aka daɗe ana shafa shi a jikin jiragen ruwa na katako. Ya fi linsid tare ruwa, bai kai shi yin duhu ba, fumfuna ma ba ta kama shi kamar linsid. Aibinsa biyu. Yana da kauri, saboda haka shafin farko sai an sirka shi, kuma in ka bar shi ya taru a sama zai bushe da fari-fari mai yamutsi wanda sai samfefa ke cirewa. Na biyu, gwangwanaye da yawa masu ɗauke da sunansa banish ne, wato shafin ƙyalli, aka tsinka da tina, man tung ɗin kaɗan ne a ciki ko ma babu. Nemi wanda aka rubuta cewa zalla ne, kashi 100.

Abin sirkawa ma akwai na tsiro: tafentin na gaske, wanda ake tacewa daga ƙaron itacen fayin, wata bishiya mai ganye kamar allura, da kuma man ɓawon lemo. Amma kada kalmar tsiro ta yaudare ka. Tafentin yana kama wuta, tururinsa yana hawa kai, yana kuma ƙona fatar wasu. A fili ake aiki da shi, yara kuma su yi nisa har warin ya tafi.

Yanzu ga abin da yawancin masu ba da shawara ke tsallakewa, alhali shi ne ke raba aikin da zai yi wata shida da wanda zai yi shekara uku: launi. Mai garau, komai tsadarsa, hasken ultrabayolet yana ratsa shi ya ci liginin da ke ƙarƙashi, shi kansa man ma rana tana cinye shi. Abin da ke tare hasken shi ne garin launi, mafi inganci kuma shi ne na ƙasa mai ɗauke da tsatsar ƙarfe, ja ko rawaya ko ruwan ƙasa. Wannan ba tsiro ba ne, ma'adini ne, amma ba shi da guba, rana kuma ba ta kashe shi. Jajayen gidajen katako na ƙasar Suwidin misali ne da ya tsaya ɗaruruwan shekaru: jan garin da ake samu daga mahaƙar tagulla ta garin Falun ake dafawa da ruwa da garin wani hatsi dangin alkama da ake kira rai, a ƙara ɗan man linsid. Fentin ba ya rufe katako ruf, yana barin laima ta fita, in ya tsufa kuma gari yake zama a goge shi da buroshi, ba ɓarewa yake yi ba. A kan katakon da ba a goge shi sumul ba yake kamawa, kuma yana shafar tufa, don haka na shinge ne da bango, ba na wurin zama ba.

Kai abin da za ka yi shi ne ka dama garin launin da ɗan mai har ya yi laushi ba gudaji, sannan ka zuba cikin sauran man, kana motsawa a kai a kai yayin shafawa domin yana kwanciya a ƙasa. Gwada a guntun katako tukuna. Gwargwadon yawan launin, gwargwadon daɗewar aikin, gwargwadon kuma ɓoyuwar zanen jikin katakon, sai ka zaɓi inda za ka tsaya. Ka guji baƙi ƙirin a wurin da rana ke dukan katakon yini guda: yana ɗaukar zafi, zafin kuma yana ƙara tsagewa.

Akwai abu guda daga tsiro da ya haɗa tare ruwa, da tare haske, da ɗan yaƙi da fumfuna, wato kwaltar fayin. Ba ita ce kwaltar titi ba, ba kuma ta gawayin ƙasa ba. Saiwoyi da kututturan fayin masu ƙaro ake turarawa a rufaffiyar wuta mai ƙarancin iska, kwaltar ta tsiyayo ta ƙasa. Da ita mutanen arewacin Turai suka riƙe jiragensu da rufin gine-ginensu. Majami'un katako na ƙasar Norwe, irin ta Urnes da aka gina wajen 1130 da ta Borgund ta wajen 1200, suna tsaye har yau, ana kuma ci gaba da shafa musu ita. Lura da wannan: ci gaba ake yi, ba shafin shekara 800 da suka wuce ba ne ke riƙe su. A Suwidin akwai haɗin da masu jiragen ruwa suka sani, kwaltar fayin da man linsid da tafentin, kowanne kashi ɗaya. Haɗin yana shiga katako da kyau, ya ba shi launin ruwan ƙasa mai duhu. Ga ƙofar shingenka da sassan rumfa na sama ya dace ƙwarai. Ga benci bai dace ba: warin hayaƙi yana daɗewa, tana jinkirin bushewa, in rana ta yi zafi tana iya sake yin danƙo ta ɓata tufa, kuma abin da aka samu ta hanyar ƙonawa ba abin da fatar yaro za ta riƙa goga kullum ba ne.

Mu dawo kan darbejiya. Man yana ɗauke da sinadarin azadiraktin, wanda ke hana ƙwari ci da girma, wannan tabbas ne. Amma sinadarin yana lalacewa da sauri a rana, ruwa yana rage shi, man kansa kuma ba mai bushewa ba ne. A kan katakon da ke cikin ɗaki ko ƙarƙashin rufi zai iya rage ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari, na ɗan lokaci. A fili kuwa ba zai kai ko'ina ba, kuma in ka zuba shi da yawa cikin linsid ko tung zai hana su bushewa. Haka labarin man kanumfari da na kirfa yake. A ɗakin gwaji suna kashe fumfuna sosai, amma ƙamshin nan da kake ji shi ne maganin yake tashi yana barin katakon.

Tanin, sinadarin nan mai bauri da ake jeme fata da shi, wanda ke cikin bagaruwa da ɓawon itatuwa da yawa, shi ma yana hana fumfuna yaɗuwa. Matsalarsa ruwa ne ke narkar da shi, ruwan sama na farko zai fara kwashe shi, shi ya sa masu bincike ke haɗa shi da wasu sinadarai don ya daskare a cikin katako. In ya haɗu da baƙin ƙarfe kuma baƙi yake yi kamar tawada, abin da ke sa ka ga baƙin zane yana gangarowa daga kan ƙusa a jikin wasu katakai. Mutanen Japan suna da nasu salon, ruwan ɗanyun 'ya'yan wata bishiya dangin kanya da ake bari ya yi tsami ya daɗe, suna kiran sa kakishibu. Yana ƙara duhu in ya sha rana, ana kuma shafa shi a katako da takarda, amma shi ma sabuntawa yake so.

Wanda ya fi su ƙarfi a kan gara shi ne baƙin man da ke cikin ɓawon ƙwallon yazawa. A gaɓar tekun Indiya an daɗe ana shafa shi a jiragen kamun kifi da katakon gini. Yana aiki, amma ɗanyensa yana ƙona fata har ta yi bororo. A gidan da yara ke wasa ba zan kawo shi ba.

Ginshiƙai ke nan suka rage. A Turai an kasa yanayin da katako ke zama aji 5, daga na cikin ɗaki har na cikin ruwan teku. Bencinka da ƙofarka aji na 3 ne, waje amma sama da ƙasa. Ginshiƙin da aka binne aji na 4 ne, tazarar da ke tsakaninsu kuma babba ce. Ƙasa ba ta bushewa kamar iska, fumfuna da gara a cikinta suke zaune, ginshiƙi kuma kusan kullum a daidai bakin ƙasa yake karyewa, inda laima daga ƙasa da iska daga sama suka haɗu. Shafin da bai wuce milimita biyu ba, tsaga ɗaya ta isa ta ba su hanya, gara kuwa ta ƙarƙashi take shiga ta cinye ciki ta bar maka ɓawo mai sheƙi. Babbaka gindin ginshiƙi da wuta dabara ce tsohuwa, amma gawayin yana tsagewa, abin da ke bayansa kuma ɗanyen katako ne. Zuba kankare a kewaye shi ma ba mafita ba ce: katakon zai tsuke, ruwa ya bi gefen ya taru a ƙasa ba mafita.

Mafita ta gaskiya ita ce kada katakon ya taɓa ƙasa. A zuba dandamalin kankare ko a kafa dutse, a dasa takalmin ƙarfe mara tsatsa, ginshiƙin ya zauna a kai, aƙalla santimita 15 sama da ƙasa, da ɗan sarari a ƙarƙashinsa don ruwa ya zube. Wannan ya mayar da shi aji na 3, inda mai zai yi masa amfani, kuma in gara ta gina hanyarta ta laka za ka gan ta a jikin kankaren ka rushe. Gine-ginen haikalin Horyu-ji na Japan, waɗanda ke cikin mafiya tsufan gine-ginen katako a duniya, tun wajen ƙarshen ƙarni na 7, a kan dandamali suke, ginshiƙansu a kan duwatsu, rufinsu kuma ya fito da nisa yana kare bango.

In kuwa dole sai an binne, hanya biyu ce. Ko dai zuciyar itace mai jure ruɓewa da kanta, irin tik ko loko, domin bishiyar ta riga ta zuba nata maganin a ciki, wanda ya fi duk abin da za ka shafa daga waje. Zuciyar fa, ba farin gefen da ke ƙarƙashin ɓawo ba, shi wannan ko na wace bishiya ne ba ya jurewa. Ko kuma katakon da aka dura wa magani da matsi a masana'anta. Tsoronka a nan yana da tushe: tsohon maganin da ake kira CCA yana da sinadarin arsanik mai guba, an daina sa shi a katakon gidaje a Amurka daga ƙarshen 2003, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a 2004. Waɗanda suka maye gurbinsa na tagulla ne ba arsanik. Ka tambayi wanne aka yi amfani da shi, kuma ko wanne ne kada a ƙona guntayensa. Akwai kuma katakon da ake sauya wa hali a masana'anta da kayan tsiro, kamar Kebony na Norwe da ake jiƙawa da wani ruwa da ake samu daga tuƙar rake da makamantanta sannan a gasa. Yana jure ruɓewa sosai, amma shi ma toka yake yi a rana.

Batun shafawa kuwa, rabin aikin kafin a buɗe gwangwani yake. Katakon ya bushe, laimarsa ƙasa da kashi 18 ko kusa da haka, domin ƙofofin da ruwa ya cika mai ba ya shiga. A goge da samfefa mai lamba 80 zuwa 120, kada a wuce, sulɓi da yawa yana hana shan mai da riƙe launi. A kashe kaifin gefuna, domin a nan shafi ke fara cinyewa. In da hali a shafa kowane guntu kafin a haɗa, har ƙasa da baya da cikin mahaɗa, wuraren da ido ba ya gani su ne ruwa ke kwana. Ƙusa da noti su zama marasa tsatsa.

Ka fi mayar da hankali kan bakin yanka, inda zarto ya ratsa. Katako kamar damin kara yake: ta gefe ruwa ba ya shiga sosai, ta kai kuwa zuƙa yake yi, ninki da yawa. Ƙafafun benci, da saman ginshiƙi, da ƙasan allunan ƙofa, nan ruɓewa ke farawa. Tsayar da ƙafafun bencin cikin gwangwanin mai su kwana suna sha, sannan ka sa musu ɗan tafin roba ko ƙarfe don kada su zauna cikin ruwa. Saman ginshiƙi a yanke shi a karkace ko a sa masa hula.

Shafin farko a sirka shi, in man tung ne, rabi man, rabi abin sirkawa. A shafa a wadace, a bar shi minti 20 zuwa 30, inda ya shanye a ƙara, sannan a goge duk abin da ya rage a sama da tsumma har katakon ya zama kamar ba a shafa ba. Wannan gogewar ita ce mutane ke jin ƙyashinta, suna ganin asarar mai ce, ita ce kuma ke hana danƙo da baƙi. A inuwa ake yi, ba a kan katakon da rana ta gasa ba. In kana son man ya ƙara tsinkewa, sa gwangwanin cikin ruwan zafi, kada ka ɗora shi a wuta. A jira shafin ya bushe sarai, kwana ɗaya zuwa uku ko fiye, sannan na biyu da na uku, ana rage abin sirkawa. Bushewar ƙarshe takan kai wata guda, kafin nan kada a bar ruwa ya kwanta a kai.

Tsummokaran da ka yi aiki da su ka ɗauke su da muhimmanci. Bushewar linsid da tung tana fitar da zafi, tsumman da aka dunƙule aka jefa a kwando yana iya tara zafin har ya kama wuta da kansa cikin 'yan sa'o'i, ba ashana ba komai. Gobara da dama ta haka ta tashi. A shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a fili har su sandare, ko a nutsar da su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Kada ka bari a rufe aikin da banish don ya yi ƙyalli. A waje banish fata yake yi a sama, katako ya motsa ta tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya kasa fita, ta ɓare, gyaran kuma sai an kankare komai. Mai shi kuwa ƙarewa yake yi a hankali, gyaransa wanki ne da sabon shafi ɗaya. Wurin zaman benci, da yake a kwance yake yana karɓar rana da ruwa kai tsaye, zai nemi sabuntawa duk wata 6 zuwa 12 in man garau ne. Ƙofa da ginshiƙai da ke tsaye, in da launi, sukan kai shekara 2 zuwa 3. Katakon da kansa zai gaya maka: yayyafa ruwa, in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya da sauran lokaci, in ya shige nan take wurin ya yi duhu, lokaci ya yi. A wanke da sabulu da buroshi mai tauri, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku, sannan a shafa. In fumfuna ta riga ta yi baƙi, sai an cire ta tukuna, shafa mai a kanta rufe ta ne da abincinta.

Duk lokacin da za ka sabunta, ɗauki sukudireba ka danna ƙafafun bencin, da mahaɗar ƙofar ta ƙasa, da gindin kowane ginshiƙi. In bakin ƙarfen ya tsaya, ci gaba da shafinka. In ya nutse cikin sauƙi, ko katakon ya ɓantare gutsi-gutsi, ruɓewa ta shiga, mai kuma ba ya dawo da abin da ya ruɓe. A yanke wurin har a kai ga lafiyayyen katako, a sa sabo, sannan a nemo ta inda ruwan ke taruwa a gyara.